Hasumiyoyin San Gimignano: su wa suka gina su, kuma me ya hana su faɗuwa?

“Malam, barka da aiki. Ina karatu a Italiya, kuma a hutun nan da ke tafe muna shirin zuwa wani tsohon gari da ke kan tudu a yankin Tuskani, sunansa San Gimignano. Na ga hotunansa. Gari ne ɗan ƙarami, amma ga dogayen hasumiyoyin dutse tsaye cirko-cirko, ba ado, tagogin ma da ƙyar ake ganinsu. Abokina ya ce na gadi ne, don hango abokan gaba. To in don gadi ne, ai ɗaya ko biyu sun isa. Su wa suka gina su, don me? Me ya sa ba a ganin irinsu da yawa a manyan birane? Kuma ginin da ya haura shekara 700, mutum zai iya hawansa hankali kwance?”

Ɗan'uwa, barka kadai. Tambayarka uku ce a dunƙule: dalilin ginin, dalilin da ya sa suka tsira a wannan garin, da kuma lafiyar ginin a yau. Ni aikina duba tsofaffin gine-gine ne da gyaransu, don haka a ta ukun na fi ƙarfi. Biyun farko abin da masu tarihin Italiya suka tono daga takardun garuruwan ne, sai abin da bangon da kansa yake nunawa.

Ka riga ka kama bakin zaren da ka ce in don gadi ne ɗaya ta isa. Garin yana da ganuwa da ƙofofi, su ne maganin maharan waje. Hasumiyoyin nan kuwa a tsakiyar gari suke, wata na kallon wata, wani lokaci tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce faɗin lungu ba. Wanda ya gina su ba maharin nesa yake tsoro ba. Maƙwabcinsa yake tsoro, kuma maƙwabcin nan yake so ya nuna wa isa.

Inda kuɗin ya fito

San Gimignano, da ake faɗa San Jiminyano, yana kan tudu mai tsayin mita 300 da 'yan kai daga gaɓar teku, yana kallon kwarin kogin Elsa, tsakanin biranen Fulorens da Siyena. Abin da ya ɗaga shi hanya ce. Babbar hanyar da Kiristocin arewacin Turai suke bi zuwa ziyarar ibada a Roma, wadda ake kira Via Francigena, ta tsakiyarsa ta ratsa. Tun wajen shekarar 990 wani babban limamin coci daga Ingila mai suna Sigeric ya rubuta zangunan da ya yi a hanyarsa ta komawa gida daga Roma, kuma garin yana cikin jerin. Duk garin da ya zama zango, ka san sauran labarin: masauki, abinci, dabbobi, canjin kuɗi. Ga kuma za'afaran da suke nomawa, wanda ake sayarwa da tsada don rini da magani da girki, 'yan kasuwarsu suna kai shi ta tashar jiragen ruwan Fisa har gabashin Bahar Rum. Da kuɗi ya taru sai suka shiga ba da bashi. A 1199 garin ya zare wuyansa daga hannun babban limamin cocin garin Volterra, ya koma mulkin kansa.

Wannan mulkin kai shi ne tushen maganar. A ƙarni na 12 da na 13, garuruwan arewa da tsakiyar Italiya ba su da sarki guda mai ƙarfin da zai tsawata wa kowa. A takarda suna ƙarƙashin sarkin daular da ke Jamus, amma yana nesa, kuma yana ta ja-in-ja da Fafaroma. Sai manyan gidaje suka cika gurbin. Wasu tsofaffin masu ƙasa ne da suka baro ƙauye suka shigo gari da halinsu na mayaƙa, wasu kuma attajirai ne da suka yi kuɗi jiya suke neman a san da su. In an taɓa ɗan gidanku ba kotu kuke fara nufa ba, ramuwar gayya ake yi, kuma gaba tana iya wucewa daga kaka zuwa jika. Rigimar Fafaroma da sarki ta ba kowace gaba tuta: magoya bayan Fafaroma su ne Gelfi, na sarki Gibelini. A San Gimignano gidan Ardinghelli Gelfi ne, gidan Salvucci Gibelini, kuma hasumiyoyin gidajen biyu suna nan tsaye, tafiyar minti biyu tsakaninsu.

Abin da hasumiya take yi wa mai ita

Mutane da yawa suna zaton a ciki ake zama. In ka leƙa cikin tsofaffin za ka sauya ra'ayi. Kaurin bango a ƙasa yana kai mita 2, abin da ya rage a tsakiya ɗan ɗaki ne da bai fi shimfiɗar mutum biyu ko uku ba, ba murhun kirki, ba haske. Iyali suna zaune ne a gidajen da ke manne da gindinta, na katako da ƙasa da tubali. Hasumiya mafaka ce ta ranar da gari ya rikice. Ƙofar asali sau da yawa ba a ƙasa take ba, tana sama, a hawa na farko ko na biyu, ana shiga ta tsani ko ta gadar katako daga rufin gidan da ke gefe. An shige, an janye tsani, shi ke nan. Daga sama ana sako duwatsu da kibau a kan duk wanda ya tunkaro lungun. Abin da aka fi tsoro a faɗan cikin gari wuta ce, tunda akasarin gidaje katako ne, hasumiyar dutse kuwa ba ta ci. A can ake ɓoye takardun bashi, kuɗi, mata da yara. Daga baya, da zaman lafiya ya ɗan samu, aka fara gina masu faɗi da gajarta, masu tagogi, shago a ƙasa, ɗakuna a sama, kicin a can ƙololuwa don in gobara ta tashi mutane su sami hanyar sauka.

Ba kullum gida ɗaya ne ke da hasumiya ba. A Fulorens an sami takardun yarjejeniya tun ƙarni na 12 inda gidaje da dama suke haɗa kuɗi su gina ɗaya, su rubuta wa zai riƙe mabuɗi, yadda za a raba kuɗin ƙarin tsayi, da sharaɗin cewa ba mai sayar da kasonsa ga abokin gaba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa makami ce da ake tattali.

Sai dai tsaro ba zai bayyana tsayin ba. Don jifa da dutse, mita 20 ta wadatar. Abin da ya kai su 40 da 50 gasa ce tsagwaronta. Ɗauki misali ka yi lissafi: hasumiya mai faɗin mita 7 kowane gefe, bango mita 2, tsayi mita 40. Dutse da kwaɓin da ke jikinta ya kai kimanin tan 3,000. Duk wannan a fasa shi da hannu, a jawo shi da amalanken shanu zuwa kan tudu, a ɗaga shi sama da igiya. Wanda ya yi haka ya gaya wa gari nauyin aljihunsa ba tare da ya buɗe baki ba, kuma mai neman bashi ko mai neman auren 'yar gidan ya ji saƙon.

Hukumar gari ta ga abin yana neman fin ƙarfinta. Dokokin garin na 1255 suka hana kowa gina hasumiyar da ta wuce ta fadar shugaban gari, wadda ake kira Rognosa, mai tsayin kimanin mita 51. Ana ba da labarin cewa gidan Salvucci, da aka hana su yin sama, sai suka gina tagwaye kafaɗa da kafaɗa, wai in an ɗora ɗaya kan ɗaya sun wuce ta hukuma. Tagwayen dai suna nan, za ka gan su. A 1300 hukuma ta fara tata sabuwa, Torre Grossa, aka gama a 1311, mita 54, kuma har yau ita ce mafi tsayi a garin.

Akwai wani bayani da za ka iya ji a bakin masu zagayawa da baƙi, cewa an yi su ne don rataye dogayen yadudduka da aka rina da za'afaran, su bushe a inuwa. Labari ne mai daɗin ji, amma ni ban saye shi ba. Mai rini ba ya buƙatar bango mai kaurin mita 2 da ƙofa a sama, kuma garuruwan da ba su da alaƙa da za'afaran sun gina irinsu.

Me ya sa suka rage a nan

Gaskiyar ita ce San Gimignano ba shi ne ya fi kowa hasumiyoyi ba. Ana cewa yana da 72 a lokacin da yake tashe. Ka riƙe wannan adadi da sassauci, domin ya danganta da abin da aka ƙirga, ko da dogayen gidaje a ciki ko babu. Manyan birane sun fi haka. Fulorens tana da sama da 100. A Bolonya wani mai bincike na ƙarni na 19, Giovanni Gozzadini, ya ƙirga 180 daga takardun cinikin filaye, daga baya aka gane ya ƙirga wasu sau biyu saboda suna sauya suna in sun sauya mai su, yanzu ana cewa tsakanin 80 da 100.

Abu na farko da ya ci su siyasa ce. In ɓangare ya ci nasara, ya kori abokan gaba, abin da yake fara yi shi ne rushe hasumiyarsu. Babban dandalin Fulorens, Piazza della Signoria, a kan kangon gidajen Uberti yake, 'yan Gibelini da aka baje. Sannan da talakawan gari da ƙungiyoyin masu sana'a suka karɓi mulki, sai suka bi manyan gidaje da doka. A 1250 gwamnatin jama'a ta Fulorens ta ba da umarnin a datse kowace hasumiya ta dawo kamu 50, wato kimanin mita 29. A Roma, a 1257, shugaban birnin Brancaleone degli Andalò ya rushe kimanin 140 na manyan gidaje. Shi ya sa in kana yawo a tsohuwar Fulorens za ka riƙa ganin gine-ginen dutse masu kama da an yanke musu kai, sun shige cikin jerin gidaje. Su ne.

Na biyu arziki ne, kuma a ganina shi ya fi yin ɓarna. Birnin da kuɗi ke ci gaba da shigarsa ba ya barin tsohon gini ya huta. Da yayi ya sauya a ƙarni na 15, mai kuɗi ya koma son faffaɗan gida mai tsakar gida da manyan tagogi, ga kuma igwa ta zo ta mai da dogon siririn bango abin banza a yaƙi, sai hasumiyoyi suka zama wurin ɗibar dutse kyauta. Ko a Bolonya, wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya ne aka rushe wasu don faɗaɗa titi.

San Gimignano kuwa talauci ne ya rufa masa asiri. Annobar 1348 ta kashe kusan rabin mutanensa. A 1353 ya miƙa wuya ga Fulorens. Hanyar matafiya ta sauka kwari ta koma bi ta garin Poggibonsi, kuma ko da jirgin ƙasa ya zo bayan ɗaruruwan shekaru, ta can ƙasa ya bi. Ba wanda ke da kuɗin rushewa ya sake gini. Duk da haka an yi asara, domin zuwa 1580 saura 25, wasu sun faɗi don rashin kula, wasu masu su suka datse. Yau 14 ake ƙirgawa, kuma a 1990 UNESCO ta sa tsohon garin a jerin wuraren tarihi na duniya.

Kada ka ɗauka abin na Italiya ne kaɗai. A yankin Svaneti na ƙasar Jojiya, can cikin tsaunukan Kokasas, ƙauyuka kamar Ushguli cike suke da hasumiyoyin dutse na iyali, masu tsayin mita 20 zuwa 25, kuma a can ma gabar jini tsakanin dangi tana cikin dalilan gina su, tare da mahara da zaftarewar ƙanƙara.

Yadda aka gina su

In ka tsaya gindin ɗaya za ka ga duwatsu sassaƙaƙƙu an jera su sahu-sahu, ka zaci haka bangon yake har ciki. Ba haka ba ne. Bango biyu ake tayarwa, na waje da na ciki, a cika tsakaninsu da ɓaraguzan dutse da tsakuwa da kwaɓin farar ƙasa da aka toya. Ana tafiya a hankali, a ɗora 'yan sahu, a cika, a bari ya kama, domin irin wannan kwaɓin yana ɗaukar watanni, a tsakiyar bango ma shekaru, kafin ya yi tauri. Yayin da ake yin sama ana rage kaurin bangon daga ciki, ana kuma sauya kaya zuwa marasa nauyi, shi ya sa za ka ga wasu ƙasansu dutse ne, samansu jan tubali.

Ka lura da ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu da suka yi layi a jikin bango tun daga ƙasa har sama. Ba na harbi ba ne. Nan magina suke cusa itatuwa su shimfiɗa katako su tsaya a kai, in sun gama sahu su zare su ƙara gaba. Duk wanda ya san hasumiyar masallacin Agadez da itatuwan da suka fito a jikinta ya san dabarar, bambancin kawai a Agadez an bar itacen saboda yaɓen da ake sabuntawa, a Tuskani an zare an bar ramin. Manyan ramukan kuma, waɗanda ke da ɗan dutse ya turo a ƙarƙashinsu, gurbin azarar barandar katako ne. A zamaninsu hasumiyoyin nan ba tsirara suke kamar yau ba, rataye suke da baranda da gadoji.

Batun hawa

Nauyin da ya sa ginin ya yi tsada shi ne kuma yake riƙe da shi. Iska ba ta iya yi wa tan dubbai komai, kuma kwaɓin farar ƙasa yana da sassauci, yana barin bango ya ɗan motsa da zafi da sanyi, ya kuma fitar da danshi. Garuruwan tudu suna da wata sa'a: ƙasarsu ta fi ta kwari tauri. Kwatanta da Bolonya, wadda ke shimfiɗe a kan laka. A can hasumiyar Asinelli, da aka gina tsakanin 1109 da 1119, ta kai mita 97, amma maƙwabciyarta Garisenda ta karkace tun da wuri har aka rage mata tsayi a ƙarni na 14, ta dawo kimanin mita 48. A Oktoban 2023 hukumar birnin ta killace kewayenta saboda na'urori sun nuna motsin da ba a yarda da shi ba.

Abin da ke hana mu barci a wannan aiki ba karkata ba ce, domin ita ana ganinta ana aunawa. Abin da ke cikin bango ne. A gindin hasumiya mai mita 50, kowane murabba'in mita yana ɗauke da sama da tan 100, dare da rana, ɗaruruwan shekaru. Dutse mai kyau zai ɗauki ninkin haka, amma cikon tsakiya ya fi rauni. In ruwa ya sami hanya ta rufi ko ta ramukan nan, sai ya riƙa wanke kwaɓin a hankali, cikon ya zauna, nauyi ya koma kan siraran fuskoki biyu, su fara buɗewa. Alamarsa tsaga ce siririya a tsaye kusa da gindi, wadda ba za ta ɗauki hankalin mai wucewa ba. A ranar 17 ga Maris 1989 hasumiyar birnin Faviya ta zube cikin daƙiƙoƙi, ba girgizar ƙasa, ba hadari, ta kashe mutum 4. Binciken da ya biyo baya ya nuna bangon ya daɗe yana gajiya a ƙarƙashin nauyin kansa. Tun daga nan Italiya ta ɗauki sa ido a kan dogayen gine-ginenta da gaske.

A tsofaffin bangayen da na duba, abin da nake fara nema ba ya buƙatar na'ura. Nakan bi indararo in ga inda ruwa yake sauka. Nakan ƙwanƙwasa dutse da ƙaramar guduma, in ya amsa da ƙara mai kauri lafiya, in ya yi amo kamar ganga to bayansa rami ne. Nakan sa yatsa a tsakanin duwatsu, in kwaɓin ya zubo kamar gari to ruwa ya riga mu. Sai in nemi inda aka yi gyara da siminti, domin a nan ɓarna ta fi taruwa. Siminti ya fi tsohon dutse tauri, kuma ba ya barin danshi ya fita, sai ruwa ya maƙale a bayansa, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta ɓare ta bar simintin yana tsaye shi kaɗai. Na ga bangon da ya shekara ɗaruruwa lafiya, gyaran shekara talatin ya lalata shi. Abu na gaba shi ne ƙofofi da shagunan da aka huda a gindi daga baya, wato an rage ƙafa a daidai inda kaya ya fi nauyi. Bayan wannan ne ake kawo na'urorin auna faɗin tsaga da rawar gini, a ɗura sabon kwaɓin farar ƙasa a cikin ramuka, a ɗaure da sandunan ƙarfe inda ya kamata. Girgizar ƙasa kuwa tana nan a lissafi, tunda Tuskani tana samunta, kuma ba injiniyan da zai ba ka tabbacin abin da babbar girgiza za ta yi wa bangon da ba ya iya ganin cikinsa duka.

Game da tafiyarku, wadda aka saba buɗe wa jama'a ita ce Torre Grossa, ana shiga ta gidan tarihin da ke fadar hukumar gari. Ana kula da ita, matakalar cikinta ta zamani ce, ta haura taki 200, ƙarshenta kuma ya miƙe kamar tsani, don haka a sa takalmi mai kama ƙasa, mai ciwon gwiwa ko jiri ya yi tunani tukuna. In ana tsawa kada a hau, ko da an bar ƙofa a buɗe. Ku je da sassafe kafin motocin masu yawon buɗe ido su cika gari. In kun kai sama, ka bar kallon gonakin inabi na ɗan lokaci ka dubi rufin gidajen da ke ƙasa. Za ka ga wasu gine-gine masu kusurwa huɗu, masu kaurin bango, da suka ɗan ɗara maƙwabtansu tsayi aka rufe su da jan rufi. Ragowar waɗanda aka datse ne, kuma daga nan sama ne aka fi gane yawansu.